Wace Hanyar Zaman Natsuwa Ce Ta Dace da Sabon Shiga?

Sabon Shiga:

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema daga waɗanda suka riga ni sanin abin nan da ake kira zuzzurfan tunani, wato zaman da mutum kan yi shiru domin ya tattara hankalinsa wuri guda. Aikin lissafi nake yi, kuma kusan shekara guda ke nan idan na tashi daga aiki gangar jikina ce kawai take komawa gida, zuciya kuwa tana can kan takardun da ban kammala ba, har in kwanta barci ya ƙaurace wa idanuna. Da na shiga bincike sai na tarar hanyoyin suna da yawan da ya ruɗa ni: wasu sun ce a bi numfashi, wasu sun ce a yi ta maimaita kalma guda, wasu sun ce a bi gaɓoɓin jiki ɗaya bayan ɗaya, akwai ma masu cewa a yi shi ana tafiya. Na gwada ta numfashin kwana uku a jere, minti 20 kowane zama, kuma in faɗi gaskiya ban taɓa jin kaina ya cika da hayaniya irin ta kwanakin nan ba. Jiya kafin in ja numfashi na huɗu har na tuno wani bashi da ban biya ba, da wata magana da aka yaɓa mini tun bara, da tayar motata ta baya da ke yawan sacewa. Shin hanyar ce ba ta dace da ni ba, ko kuwa ni ne ba a yi abin domina ba?

Dattijon Zaure:

Wa alaikumus salam. Ɗana, kafin a zo kan zaɓen hanya bari mu gyara wani abu tukuna, domin ina ganin sunan da aka ba abin yana cikin abubuwan da ke ɓatar da mutane. Wanda ya ji "zuzzurfan tunani" sai ya ɗauka zama za a yi a tona wata matsala har a kai gindinta, wanda kuma ya saurari masu talla sai ya ɗauka share kai za a yi tas, ya zama babu komai a ciki. Ko ɗaya ba haka ba ne, shi ya sa ni na fi son in kira shi zaman natsuwa.

Hankali kamar ɗan maraƙi yake, wanda bai taɓa sanin igiya ba. Idan kana son ya saba da tsayuwa, sai ka kafa turke ka ɗaure shi da igiya mai ɗan tsawo. Zai yi ta fizga, ya yi gabas ya yi yamma, igiyar tana dawo da shi, har wata rana ya gaji ya kwanta a gindin turken. Duk hanyoyin da ka lissafa, turken ne kawai ya bambanta su: a wata numfashi ne, a wata kalma ce, a wata kuma tafin ƙafa. Dawowar da kake yi duk lokacin da ka farga hankalinka ya tafi, ita ce aikin ɗungurungum. Saboda haka lokacin da ka lura ka bar numfashi ka koma kan tayar mota, a daidai wannan gaɓar ne ka yi abin da ake so. Hayaniyar kuma ba kwana ukun nan ne suka kawo ta ba; da ma tana nan, yanzu ne ka yi shiru har ka ji ta. Shekarata 11 ina wannan zama, kuma har gobe maraƙina yana fizga.

Ɗalibin Kimiyya:

Baba ya faɗi gaskiya, kuma akwai binciken da ya goyi bayansa. A 2010 wasu masana biyu na Jami'ar Harvard da ke Amurka, Matthew Killingsworth da Daniel Gilbert, sun yi amfani da wata manhajar waya wadda ke tuntuɓar mutane a lokuta daban-daban na yini, tana tambayarsu abin da suke yi da kuma inda hankalinsu yake. Daga amsoshin mutum 2,250 suka gano cewa a kusan kashi 47 cikin ɗari na lokutan, hankalin mutum ba ya kan abin da yake yi. Wato Malam, jirgi ɗaya ne ya kwaso mu gaba ɗaya. Tun kafin wannan, a 1987, wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Daniel Wegner ya umarci wasu ɗalibai kada su kuskura su yi tunanin farar dabbar nan beyar na tsawon minti 5, ya kuma ba su ƙararrawa su kaɗa duk lokacin da ta faɗo musu a rai. Ƙararrawa ta yi ta ƙara, kuma da aka ba su izinin tunaninta daga baya, sai suka fi waɗanda ba a fara da hana su ba yawan tuno ta. Don haka duk hanyar da za ta ce maka ka kori tunani da ƙarfi da yaji, ka rabu da ita tun daga bakin ƙofa.

Malamar Firamare:

Ni shawarata ita ce kada Malam ya jefar da numfashin tukuna, ya dai ƙara masa ƙirge, ya kuma rage lokacin. Minti 20 ya yi wa sabon shiga yawa; ko yaran ajina ba na ba su dogon karatu ranar farko. Masu bin tafarkin Zen, wani reshe na addinin Buddha, a Japan sun daɗe suna fara wa ɗalibansu da ƙirga numfashi: idan ka fitar da iska ka ce ɗaya a zuci, ka sake fitarwa ka ce biyu, haka har goma, sannan ka koma ɗaya. Idan lissafin ya kufce maka, babu faɗa babu tsaki, sai ka koma ɗaya. Amfanin ƙirgen shi ne yana tona asirin hankali da wuri. A makonni biyun farko ban taɓa wuce shida ba, sannan wata rana na farga ina cewa ashirin da uku, alhali ban san lokacin da na tsallake goma ba, domin bakin zuciyata yana ƙirge, ni kuwa ina can ina tsara jarrabawar ƙarshen zango. Kujera ta ishe ka, ba sai ka tanƙwashe ƙafa a ƙasa ba. Ka dai miƙe bayanka, ka ajiye tafin ƙafarka a ƙasa, ka sa agogon waya ya buga bayan minti 5 domin kada ka yi ta satar kallon lokaci.

Ma'aikaciyar Jinya:

Malama, ki yi haƙuri in ɗan saɓa miki. Kusan kowane littafi da kowace manhaja da numfashi suke farawa, har mutane suka ɗauka shi kaɗai ne ƙofar shiga, alhali akwai waɗanda wannan ƙofar ba tasu ba ce. Ni ina da asma tun ina ƙarama, kuma ranar da na fara zama ina sa wa numfashina ido, ko minti biyu ban yi ba na ji ƙirjina ya ɗaure, hannuna ya soma laluben abin shaƙata a cikin jaka, alhali ba asmar ba ce ta tashi, tsoro ne kawai. Wanda ya taɓa neman iska ya rasa, ko wanda ke fama da firgicin da ke zuwa farat ɗaya da bugun zuciya, sa ido kan numfashi yana iya tayar masa da abin da ya zo ya kwantar. Irinmu gara a ba mu turke a waje da ƙirji: sautukan da ke kewaye, ko nauyin hannu a kan cinya, ko tafin ƙafa a ƙasa. Ni da sauti nake yi. Nakan zauna in bar kunnena a buɗe, in ji fanka, in ji ƙofar da aka rufe can nesa, ba tare da na bi kowanne da labari ba.

Akwai kuma abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa. Kallon numfashi daban, sarrafa shi daban. Babban mutum a zaune yakan yi numfashi sau 12 zuwa 20 a minti guda. Idan ya rage shi da gangan zuwa wajen sau 6, yana tsawaita fitar da iska fiye da shaƙarta, jikinsa kan lafa cikin 'yan mintuna, domin bugun zuciya yana ɗan raguwa a duk lokacin fitar da iska. Wannan dabara ce ta gaggawa, mai amfani kafin shiga wajen da ake jin fargaba, amma ba ita ce horar da hankalin da Baba yake magana a kai ba.

Tunda Malam ya ambaci rashin barci, abin da zan ba shi na dare shi ne bin gaɓoɓin jiki. Ka kwanta rigingine, ka kai hankalinka kan yatsun ƙafar hagu, ka ji abin da ke wurin, ko ɗumi, ko sanyi, ko ma babu komai, sannan ka hau zuwa idon sawu, da sha-raɓa, da gwiwa, a hankali har ka kai tsakiyar kai. Idan jin kawai ya yi maka wuya, akwai hanyar da wani likita ɗan Amurka, Edmund Jacobson, ya tsara tun shekarun 1920, wadda aka taƙaita daga baya: ka dunƙule hannu da ƙarfi na 'yan daƙiƙu, ka saki, ka lura da bambancin, sannan ka yi wa kafaɗu da fuska da ciki haka. Da yawa ba su san cewa kafaɗunsu suna ɗage har kusa da kunne ba sai sun yi wannan.

Mai Shakka:

Ina karanta ku tun ɗazu, kuma ina da ja a kan wannan magana ta minti 5. Shirin da ya shigar da abin nan asibitocin Turawa shi ne wanda Jon Kabat-Zinn ya kafa a 1979 a makarantar koyon aikin likita ta Jami'ar Massachusetts, domin majinyatan da ciwo mai naci ya gagari magani. Tsarinsa mako 8 ne, ana haɗuwa da malami sau ɗaya a mako na wajen awa biyu da rabi, ana yin atisayen minti 45 kullum a gida, ga kuma yini guda cur da ake keɓewa. Mafi yawan sakamakon da ake ta yayatawa a kan irin wannan tsari aka samo shi. To ta yaya za a ɗauki sakamakon minti 45 a jingina wa minti 5? Wannan ai tamkar a gwada magani a cikakken awo ne, sannan a ba mutum ya lasa a ce masa zai warke. Ni fa ina zargin masu manhajojin waya ne suka rage abin domin su samu kasuwa, kuma har yanzu ban gamsu cewa shi kansa babban ya kai yadda ake zuzuta shi ba.

Ɗalibin Kimiyya:

Yaya, rabin maganarka babu mai iya musanta ta. A 2014 wata tawaga daga Jami'ar Johns Hopkins ƙarƙashin Madhav Goyal ta tace gwaje-gwaje 47 da suka ƙunshi mutum 3,515. Sun samu hujja matsakaiciya cewa irin wannan zama yana rage fargaba da baƙin ciki mai naci da jin zafin ciwo, amma ba su samu hujjar cewa ya fi magani ko motsa jiki ko sauran hanyoyin jinya ba. A 2022 kuma aka fitar da sakamakon wani babban gwaji da aka yi da ɗalibai sama da 8,000 a makarantun Birtaniya, inda koyar da abin a aji bai fi darussan da aka saba yi amfani ba, kuma akasarin yaran ba su riƙa yin atisayen a gida ba. Sai dai a wannan shekarar ce kuma Elizabeth Hoge ta Jami'ar Georgetown da abokan aikinta suka raba manya 276 masu ciwon fargaba gida biyu, wasu suka bi tsarin mako 8 ɗin, wasu aka ba su maganin escitalopram, kuma sauƙin da ɓangarorin biyu suka samu ya zo kusan daidai. Abin da ni na fahimta shi ne, abu ne mai amfani daidai gwargwado ga wanda ya zaɓa da kansa kuma ya yi shi da gaske, ba sha-yanzu-magani-yanzu ba ne. Kuma don Allah kada wani ya karanta wannan ya ajiye maganin da likita ya ɗora shi a kai.

Malamar Firamare:

Malam Mai Shakka, ban ce minti 5 zai ba da abin da minti 45 ke bayarwa ba, kuma ban ce a dawwama a kansa ba. Tambayar da aka yi ta sabon shiga ce, kuma babban abin da ke kashe sabon shiga shi ne ya daina a mako na biyu. Phillippa Lally da abokan aikinta a wata jami'a ta Landan sun bi mutum 96 da ke ƙoƙarin sabawa da sabuwar ɗabi'a, kamar shan ruwa ko motsa jiki a wani ƙayyadadden lokaci, suka fitar da sakamako a 2009 cewa matsakaicin lokacin da abin kan ɗauka kafin ya zame wa mutum jiki kwana 66 ne, wasu kwana 18, wasu har 254, kuma tsallake rana guda bai rushe ginin ba. Ba a kan zaman natsuwa aka yi binciken ba, amma darasin ya shafe shi. Mutumin da ke dawowa daga aiki a gajiye, idan ka ɗora masa minti 45, zai yi kwana huɗu ya ajiye, ya kuma ƙara wa kansa da jin cewa ya gaza. Ni da minti 5 na fara, yanzu ina yin 25, kuma ban san ranar da na yanke shawarar ƙarawa ba. Agogon ne ya riƙa bugawa ina jin ban gama ba.

Mai Shakka:

Idan matakala ce ake hawa, na yarda. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a tsaya a matakin farko ana cewa an iso.

Uwar Tagwaye:

Ku da kuke maganar zama kuna da sa'a. Ni duk ranar da na zauna na rufe ido, kafin in kai uku a ƙirgen Malama na fara gyangyaɗi, domin rabona da cikakken barci tun kafin in haihu. Abin da ya karɓe ni shi ne tafiya. Ina da ɗan wuri tsakanin ƙofar ɗaki da taga wanda bai wuce taku goma ba, kuma idan yaran sun yi barci sai in cire takalmi in yi ta kai da kawowa a hankali, idona a buɗe yana kallon ƙasa kaɗan a gabana. Turkena shi ne tafin ƙafa: ɗagawa, miƙawa, saukewa, da yadda nauyin jiki ke tashi daga wannan ƙafa ya koma waccan. Idan na kai bango sai in tsaya, in juya da sani, in sake kamawa. Malamin nan ɗan ƙasar Biyetnam, Thich Nhat Hanh, wanda ya rasu a 2022, yana cikin waɗanda suka yaɗa wannan hanya a duniya. Ina ganin ta fi dacewa da mai jin barci, da mai ciwon baya, da wanda ya yini a kan kujera kamar ɗan'uwanmu mai lissafi. Aibinta ɗaya ne: duk wanda ya leƙo ya gan ki zai tambaye ki abin da kika yar kike nema.

Mai Taka-tsantsan:

Ina da tambayar da na ga kowa yana kewaye ta. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa yawancin hanyoyin nan daga addinin Buddha da na Hindu suka samo asali, musamman ta maimaita kalma, inda ake ba mutum wani lafazi da bai san ma'anarsa ba a ce ya yi ta nanatawa. Mutumin da ke da nasa addinin, wanda ba ya son ya furta abin da bai sani ba, yaya zai yi? Ina tambaya ne domin in sani, ba domin in ɓata wa kowa rai ba.

Dattijon Zaure:

Tambayarki tana kan hanya, 'yata, kuma gara a yi ta a fili. Gaskiya ne akwai tsarin da wani malami ɗan Indiya, Maharishi Mahesh Yogi, ya fara yaɗawa tun shekarun 1950, wanda ake yi minti 20 sau biyu a rana. A can malami ne ke ba ɗalibi lafazin da zai riƙe, ana biyan kuɗin koyo, kuma akwai wani ɗan biki da malamin ke gabatarwa da harshen Sanskrit kafin a fara. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da wannan ba, babu abin da ya tilasta masa.

Abin da ya kamata ki sani shi ne, wani likitan zuciya na Harvard mai suna Herbert Benson ya auna masu bin wannan tsari, ya ga numfashinsu da bugun zuciyarsu da yawan iskar da jikinsu ke amfani da ita duk suna raguwa lokacin zaman. Da ya ci gaba da bincike sai ya ga sirrin ba a lafazin yake ba. A littafin da ya wallafa a 1975 ya nuna cewa kowace kalma tana iya yin aikin, har ya ba da misali da kalmar Turanci mai nufin "ɗaya", kuma ya riƙa shawartar mutane su zaɓi kalma ko gajeriyar addu'a daga abin da suka yi imani da shi, idan hakan ya fi kwanta musu. Sharuɗɗan da ya fi nanatawa biyu ne: a yi ta maimaitawa na minti 10 zuwa 20, kuma idan wani tunani ya kutso a ƙyale shi a koma kan kalmar ba tare da jin haushi ba. Shi ma Kabat-Zinn da aka ambata, ya tsara nasa ne domin majinyata masu addinai daban-daban, babu wani lafazi a ciki. Jin tafin ƙafarki a ƙasa ko sauraron ƙarar fanka bai ƙunshi furta komai ba. Inda kuma shakka ta rage miki ta fuskar addini, masana addininki ne za ki tambaya, ba mu ba.

Matafiyi:

Ni dai ina ganin kuna ta lallaɓa mutumin nan. Wanda ke son koyon iyo, ruwa yake faɗawa. Akwai kwas na kwana 10 irin wanda S. N. Goenka, haifaffen ƙasar Bama, ya fara koyarwa a Indiya a 1969, wanda yanzu yake da cibiyoyi a ƙasashe da dama. Ana karɓe waya, ba a magana, ana tashi ƙarfe 4 na asuba, ana zama kusan awa 10 a rana. Kwana ukun farko a kan numfashi a bakin hanci kawai, sauran kuma a kan bin abin da ake ji a jiki. Ba a yanka kuɗi, gudummawar tsofaffin ɗalibai ce ke riƙe da shi. Na halarta sau ɗaya, kuma abin da na koya a kwana goman nan ya fi na shekara biyun da na yi ina wasa da minti goma-goma.

Ma'aikaciyar Jinya:

Ɗan'uwa, na yi maka murna da ka amfana, amma ba zan tura mutumin da ya yi kwana uku kacal, kuma yake fama da rashin barci, ya je ya yi awa 10 a rana cikin shiru ba. Akwai waɗanda suka faɗa ruwan suka sha da ƙyar. A Jami'ar Brown, Willoughby Britton da Jared Lindahl sun tattauna da mutum 60 masu irin wannan zama waɗanda suka gamu da matsala, suka fitar da rahoto a 2017: akwai tsananin tsoro, da ƙauracewar barci, da dawowar mugun abin da ya taɓa samun mutum kamar yanzu yake faruwa, da jin kamar mutum ya rabu da jikinsa. Ba kowa hakan ke samu ba, amma yana faruwa, kuma dogon zama mai tsanani yana cikin wuraren da aka fi ganinsa. Duk wanda ya taɓa gamuwa da tashin hankali mai girma, ko yake da tarihin taɓin hankali, ya fara magana da likitansa, ya fara da gajeren zama ido a buɗe. Alamar da nake ba mutane ita ce: gundura da ƙaiƙayi da yawon hankali duk cikin aikin suke, a daure musu, amma idan zaman yana barin ka cikin firgici, ko barcinka ya ƙara lalacewa kwana da kwanaki, ka tsaya ka sauya turke ko ka nemi ƙwararre.

Uwar Tagwaye:

Malam mai lissafi, na manta ban ce ba, game da maganar da aka yaɓa maka tun bara: akwai wata hanya da ake zama ana yi wa mutane fatan alheri a zuci, ana farawa da kai, sai wanda kake ƙauna, sai wanda ba ruwanka da shi, sannan wanda ya ɓata maka. Kada ka fara da mai maganar baran. Ka bar shi sai ka yi ƙwari.

Sabon Shiga:

Na gode muku gaba ɗaya, kuma na dawo da rahoto bayan mako uku, domin na ba kowace hanya kwanaki kafin in yanke mata hukunci. Malama, ki gafarce ni, ƙirgenki bai karɓe ni ba, kuma laifin sana'ata ne: da na ce huɗu sai in tuno shafi na huɗu, da na ce bakwai sai wani adadi da ya ƙi daidaita ya tsaya mini a gaba. Da na bar lamba na kama kalma guda kamar yadda Baba ya bayyana, ina faɗinta a zuci duk lokacin fitar da iska, sai abin ya yi sauƙi. Yanzu ina yin minti 8 da safe kafin in taɓa waya, kuma kwana biyu kawai na tsallake. Tafiyar ta yi mini daɗi, amma na lura sauri nake ƙarawa kamar mai shirin makara, don haka na ajiye ta zuwa gaba. Da dare ina bin gaɓoɓin jiki, sai dai ban taɓa wuce gwiwa ba barci yake ɗauke ni. Shin wannan ya shiga lissafi, ko kuwa zaman ya lalace ke nan?

Ma'aikaciyar Jinya:

Tunda barcin kake nema da dare, gwiwar ta isa, kada ka tashi kanka domin ka kai kafaɗa. Amma idan kana son ka san yadda hanyar take har ƙarshenta, ka gwada ta sau ɗaya a mako da rana, a zaune a kan kujera, ido a ɗan buɗe, kuma a wannan karon ka faro daga kai ka gangaro ƙasa, domin wuyanka da kafaɗunka su ma su samu rabonsu.